Farar Ƙasa a Kan Sunan Kakana

Inna ta koyi karatun boko tana da shekara saba'in, a Bronx, kuma duk gidanmu ni ne na ƙarshe da ya gane dalili. Ni da nake taƙama da digiri biyu.

Renon jika ya kawo ta New York, a shekarun dubu biyu da goma sha wani abu, lokacin da matata ta yi haihuwa ta uku. Wata shida muka ce za ta yi. Jikar ta yi wayo, ta fara mayar mata da amsa da Turanci, Inna tana nan daram a gidanmu na hawa na huɗu a Tremont, tana tsine wa sanyi tana soya mana ƙosai. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, ita ta ja ta ajin manya da ake yi a laburaren unguwa ranakun Talata da Alhamis. Na ɗauka zaman gida ne ya ishe ta. Har tsokanarta na yi, na ce, “Inna, bokon da a zamaninku aka ce mace ba ta yi?” Ta ce zamanin ya mutu ya bar ta, in kuma na gama surutu in sayo mata fensir mai abin gogewa.

Kafin shekara ta zagayo mun shiga uku. Ba abin da Inna ba ta karantawa, kuma da ƙarfi: kwalin madara, kwalbar magani, wasiƙun da aka aiko mini ni kaɗai. Ba ruwanta da ma'ana, ita dai ta haɗa baƙi da baƙi ya ba da sauti. A jirgin ƙasa ta taɓa karanta tallar wani lauyan raba aure tun daga sama har lambar wayarsa, tana bi da yatsa a iska, Turawa suna murmushi, ni ina duban takalmina.

Wata rana da hantsi, muna dawowa daga asibitin ido, muka ratsa ta wani ɗan lambun shaƙatawa da ba shi da nisa da masallacinmu. Akwai wani faffaɗan dutse a wurin da na wuce sau ɗari ban kula ba. Ranar an kakkafa masa ƙananan tutoci. Inna ta ja ta tsaya, ta gyara sabon tabaronta, ta ɗora yatsa a kan baƙaƙen tagulla ta fara haɗawa. Ta yi suna huɗu ko biyar kafin ta tambaye ni su wane ne. Na ce samarin unguwar nan ne da suka mutu a yaƙi tun da daɗewa.

Ta ce, “Irin na makarantarku ke nan.”

Na ce irinsa.

Ta ce, “To a ɗauko mini hoton namu a waya. Yanzu na iya. Da kaina zan karanta.”

A nan ne na gane abin da ya kai tsohuwa aji. Amma sai na yi bayanin makarantar tukuna.

Firamaren ƙauyenmu ba hukuma ce ta gina ta ba, ko da yake allon bakin hanya haka yake faɗa yanzu. 'Yan mazan jiya ne suka gina ta, waɗanda Bature ya kwasa zuwa yaƙin Bama. Sun dawo da manyan takalma, da tari, da ɗan karatun da suka tsinta a bariki, da wani Sajan mai ido ɗaya da ya rantse ba za a sake sa ɗan garinmu dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Suka buga tubali suka ta da aji biyu. Suka rataya wani kwanson harsashin igwa a jikin tsamiya, ya zama ƙararrawa. A tsakiyar fili kuma suka yi ginshiƙi, tsayin mutum, suka yaɓe shi da siminti, Sajan ya ɗauki ƙusa tun simintin yana ɗanye ya rubuta sunayen waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba. Liman ya ce gunki ne. Sajan ya ce allo ne, in liman yana da ja ya zo ya karanta ya nuna inda aka yi saɓo. Liman bai iya boko ba, magana ta mutu. Mu mun taso muna ce masa dutsen soja.

Mahaifin Inna yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Kakata tana da cikinta aka tafi da shi. Sajan ya zo har zaure ya yi wa kakata gaisuwa, ya ce zazzaɓi ne ya kashe mijinta a daji, kuma sunansa yana jikin dutse. To amma ka san ƙauye. Wani da ya je cin rani kudu ya dawo ya ce ya ga mutumin da ransa a Ikko, yana gadin wani kanti, har da mata da 'ya'ya. Magana ta bi gari. Aka ce Sajan rufa wa matar asiri kawai ya yi da baki, amma bai rubuta sunan ba, don ba zai sa mai rai a cikin matattu ba. Inna ta girma a tsakanin maganganun nan biyu, ba ta san ko marainiya ce ko kuwa 'yar da uba ya gudu ya bari ba. In faɗa ya haɗa ta da wata yarinya a bakin rijiya, da wannan ake gamawa da ita. Shekara da shekaru tana wuce dutsen nan, da tulu a ka, da goyo a baya, ba ta taɓa ce wa wani ɗan boko ya karanta mata ba, har ni. A wurinta tambaya ba wa masu tsegumi gaskiya ce. Kuma ta san duk wanda ta tambaya zai ce mata yana nan, ko don kara. Ni kaina ban ji wannan zancen ba sai da na girma na bar gari, don a gidanmu ba a yin sa.

Saura nawa laifin. A makarantarmu, in za a yi baƙo, farar ƙasa ake sha. Ko sufeton makarantu ne, ko masu allurar rigakafi, ko kansila, da zarar labari ya zo an ajiye darasi ke nan, an fito da bokiti. Duwatsun da aka jera a bakin hanya su sha, gindin darbejiya ya sha har gwiwa, bangon ofis ya sha, akuyar da ta daɗe a tsaye wuri ɗaya ma ba ta tsira ba. Dutsen soja kuwa ba kowa ake ba wa ba. Hedimastanmu ya ce girmamawa ce, sai jinin waɗanda ke jikinsa. Tun daga aji biyar har aji bakwai, ni ne mai dutse.

Kuma wallahi na iya aikina. Abin da yake ɓata mini rai shi ne ramukan rubutun nan: in farar ƙasa ta bushe sai su fito duhu-duhu, dutsen ya yi kamar ba a shafe shi ba. Waɗanda suka riga ni sun cike rabi da tarin shafe-shafensu, ni na ƙarasa da dabara. Sai in dama farar ƙasar da kauri kamar kunun tsamiya, in jiƙa ƙaro in zuba don ta kama, in bi kowane rami da ɗan yatsa in cusa, in lailaye. Hedimasta ya fito da ni gaban taron safe ya ce, “Ku dubi aikin jikan soja. Sumul!” Aka tafa mini, aka ba ni littafin rubutu. Da labari ya kai gida, Inna ta dafa mini ƙwan zabi har uku, ni kaɗai, ƙannena suna kallo.

Saboda haka da na kira ƙanena na ce ya je ya ɗauko hoto, na riga na san abin da zai zo. Ya ma fi yadda na zata. Bayan ni an yi shekara wajen arba'in ana karɓar baƙi, dutsen soja ya yi ƙiba, kusurwoyinsa sun ɓace, fari tas, ba ko ɗigon baƙi a jikinsa. Na ɓoye hoton. Na ce wa Inna sabis ne ba kyau a ƙauye.

Ta ce, “Sabis ɗin da jiya na ga ɗan'uwanka yana suɗe kwano a cikin waya?”

Na ce na hoto daban ne.

Na shiga kiran tsofaffin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce suna bakwai ne a jiki, wancan ya ce tara, wani ya rantse goma sha biyu. Kowa ya san akwai sunaye, ba wanda ya kawo ko uku. Aka haɗa ni da wani tsohon malaminmu da ya yi ritaya. Na gaishe shi, na ce daga Amurka nake kira a kan sunan kakana a dutsen soja. Ya ce, “Yana nan, da idona na gani.” Ban ma faɗa masa ko jikan wane ne ni ba.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Harlem. A titin 125 akwai monitan ajinmu na firamare, yana da tebur yana sayar da turare da man kaɗanya da huluna. Mu biyu ne kaɗai 'yan makarantarmu a duk New York, kuma har yau in ya gan ni yi yake kamar zai rubuta sunana cikin masu surutu. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe tebur.

Ya ce, “Jikan soja! Sumul! Ai ina tsaye aka ba ka littafin nan, har baƙin ciki na yi.”

Na ce ba dariya na zo nema ba.

Ya goge ido ya ce in kwantar da hankalina, farar ƙasa ba siminti ba ce. In aka jiƙa ta da ruwa aka kankare a hankali da ludayi ko ɓawon kwakwa, za ta sauka sala-sala. Wadda na cusa a ramukan kuwa, tunda da ƙaro na haɗa, za ta zauna, rubutun ya fito fari a kan baƙin siminti, raɗau, ya fi na da. “Laifin naka ma lada zai koma,” in ji shi. Na ji daɗi kamar in saye turarensa duka.

Sai ya ƙara da cewa, “Amma fa hedimastan yanzu ba zai motsa don hoton tsohuwa ba. Ka ce masa tawaga za ta zo daga Amurka ganin dutsen. Gobe-gobe za ka ga aiki.”

Ku duba fa. Mu biyu, da furfurarmu, a makarantar nan muka yi shekara bakwai, mun fi kowa sanin abin da ake yi in an ce baƙo zai zo. Amma muka tsaya a bakin titi a Harlem muka tafa, muna yaba wa kanmu wayo.

Hedimastan matashi ne mai ladabi, ta waya ma kana jin ya rusuna. Na ce masa tsofaffin ɗalibai mazauna New York za su kawo ziyara, suna so su ga dutsen soja yadda yake tun asali, a kankare farar ƙasar a hankali. Na faɗi “a hankali”, Allah shaida ne, sau biyu ma. Ya ce, “An gama, ranka ya daɗe.” Daga baya na gane a duk maganata abu biyu ya riƙe, Amurka da kankarewa.

Mako biyu Inna tana shiri. Ta sa Hajiyar Kumasi ta rubuta mata sunan mahaifinta da manyan baƙaƙe a shafin farko na littafinta, ta yi ta kwafa har ta cika shafi uku, don kada hoton ya zo ta rikice. Na ce mata ana ɗan wanke dutsen ne don hoto ya yi kyau. Ta ce Allah ya yi wa mai wankin albarka.

Ina ɗakin hutun ma'aikata a asibitin da nake aiki, da rana tsaka, na buɗe abincina ke nan, wayata ta fara ƙara. Hotuna takwas, sai kiran hedimastan ya biyo baya.

“Ranka ya daɗe, an gani?”

Na gani. Dutsen soja ya rame, ya yi kusurwa huɗu tsaf, ya sha fentin mai, kore da fari da kore. A fuskarsa an yi rubutu da baƙin fenti, ana yi wa tawagar New York barka da zuwa, ƙarƙashin jagorancin wane. Cikakken sunana ne, har da Dakta a gaba, wadda ban taɓa samu ba.

Ya ce malamai sun fara da ruwa yadda na ce, amma farar ƙasar ta yi kauri, kwana biyu ba a ci rabi ba, ga baƙi na tafe. Sai ya kira birkila. Birkila ya zo da guduma, ya ce tsohon simintin ma ya ruɓe, ba zai yi kyan gani ba, ya sauke shi gaba ɗaya har sai da tubali ya fito, ya yi sabon yaɓe.

Na ce, “Rubutun da ke ƙasa fa?”

Ya ce, “Akwai ɗan zane-zane, ranka ya daɗe, ina jin yara ne suka yi da ƙusa. Duk mun kawar.”

Na ce ina ɓaraguzan. Ya ce sun cike ramin bakin ƙofar makaranta da su, saboda motarmu kada ta faɗa, har motar yashi ta bi ta kai ta danne, wuri ya yi lafiya lau. Sannan ya tambaye ni ranar da za mu iso, don yara suna koyon waƙar maraba.

Na so in zazzage shi, amma da wane baki? Me ya yi da ban yi ba? Ɗan halak ne na makarantarmu, ya yi abin da aka koya mana, ya ma fi ni kayan aiki. Da hedimastanmu na da yana raye, da ya fito da shi gaban taron safe. Na ce masa sannu da ƙoƙari, na kashe waya, na rufe abincin. Garin neman gira an rasa ido.

Da la'asar na shiga gida. Inna tana kan kujerarta ta bakin taga, littafin yana cinyarta. Kallo ɗaya ta yi mini ta miƙo hannu. Ban yi musu ba, na buɗe hoton na ba ta. Ta sa tabarau, ta matso da wayar, ta ɗora yatsa. Ina ganin leɓenta yana motsi, baƙi bayan baƙi, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Da ta zo kan sunana sai ta yi shiru, don ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Ta bi da yatsa har ƙarshen layi, ta duba ƙasa ko akwai saura, ta ɗago.

Ta ce, “Kai ma a Bama ka mutu?”

Na zauna a ƙasa a gabanta na faɗa mata komai. Na faɗi bokiti da ƙaro da ɗan yatsa, na faɗi hoton farko da na ɓoye, da tawagar da babu ita, da birkila, da ramin bakin ƙofa. Ban rage ko ɗaya ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake, kuma na so ta yi faɗa, ta zage ni, in samu abin riƙewa. Ba ta yi ba.

Can ta ce, “To shi ke nan, dutse ya tafi. Amma kai ka yi shekara uku hancinka a jikinsa, da yatsanka ka bi kowane baƙi. Kuma ka iya karatu tun lokacin. Yana nan?”

Ban taɓa karantawa ba. Ko sau ɗaya. Ramuka nake gani, ina neman inda bai cika ba. Amma ga tsohuwa a gabana da shafi uku na sunan ubanta.

Na ce, “Yana nan, Inna. Na gani.”

“A ina?”

“Na uku daga sama.”

Ta dube ni yadda take dubana ina yaro in na ce ban taɓa tukunya ba. Ta ce, “Sajan ce wa mahaifiyata ya yi shi ne na ƙarshe, can ƙasa.” Ta miƙo mini wayar. “Allah ya yi maka albarka. Kai ma kara ka yi mini.”

Ta cire tabaron ta sa a gidansa, ta tashi ta yi alwala.

Ranar Talata da safe Hajiyar Kumasi ta ƙwanƙwasa ƙofa da jakarta a kafaɗa, ta ce su tafi kada su makara. Inna ta ce mata ta je kawai, ita ta gama karatu.